Ranar da Aka Kai Tantabara Gwaji

A Zongon Kwatano, in ka ji wata 'yar ƙara mai kama da tarin tsohuwa tana tahowa daga bakin layi, ba sai ka leƙa ba. Luba Mai Goro ce a kan ɗan babur ɗinta. Mata su fara gyara kallabi, dattawa su tashi zaune a kan tabarma, kowa yana tambayar na kusa da shi: yau kuma gidan wa aka haihu, 'yar wa za a kai ɗaki?

Sunanta na yanka Lubabatu, amma rabon da a kira ta da shi cikakke tun ranar ɗaurin aurenta. A nan Zongo aka haife ta, a gidan kakanta, wani falke mai safarar goro da ya yi ta gangarowa kudu har ya ci karo da teku, ya ce to, iyakar tafiya ke nan. Cikin ganyen goro ta yi rarrafe. Tana jin Hausa, tana jin Fon da Yarabancin kasuwa, Faransanci kuwa tana da daidai wanda zai ishe ta gardama da ɗan sanda. Ta yi aure a Akpakpa, can tsallaken gada, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta tattaro su ta dawo gidan ubanta. Yanzu ta haura sittin, kuma in ka ce mata ta tsufa ka shirya jin tarihin gidanku tun daga kakan kakanka.

Sana'arta kai goron gayyata. Wanda bai san Zongo ba zai ce wannan ai aikin waya ne. To, ka gwada. Ka aika wa dattijo saƙo a waya cewa matarka ta sauka, zai sa a karanta masa, ya ce Allah ya raya, ya ci gaba da jan carbinsa. Ranar suna ka duba ko'ina ba ka gan shi ba. In ka je ka tambaya, sai ya buɗe hannu ya ce, "Ai ban ga goro ba." Goron kuma ba kowa ake ba ya kai ba. Sai wanda ya san gidan da za a fara shiga don kada babba ya ji labari a bakin ƙaninsa, ya san wanda ake ba farin goro, ya san tsohuwar da haƙoranta suka ƙare a haɗa mata da alawa, ya san gidaje biyun da ba sa ga maciji da juna don kada a ambaci ɗaya a zauren ɗaya. Duk wannan yana cikin kan Luba. Dangin mutanen Zongo kuwa sun bazu, wasu a Akpakpa, wasu a Cadjèhoun wajen filin jirgi, wasu har Sèmè-Kpodji a kan hanyar Najeriya.

Da ƙafa ta fara, sannan ta koma hawa zem, masu babur ɗin haya masu rigar ruwan ɗorawa. A nan aka samu matsala. Luba ba ta iya gajeriyar gaisuwa ba. Sai ta tambayi mai gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara, ta sha ruwa, sannan ta kwance ɗaurin goro. Ɗan zem kuwa yana waje yana danna ham kamar gobara ta tashi. Da ta gaji da faɗa da su, sai ta sayi wani ƙaramin babur na hannu, irin mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa wanda mace za ta hau da zaninta ba tare da ta tattare ba. A wani fili kusa da tashar jirgin ƙasa ta koya, ta faɗi, ta tashi, ta zagi babur ɗin da Yarabanci, ta sake hawa.

Launin toka ne da shi, kuma duk inda ta kai shi sai ya dawo da ita gida, shi ya sa ta raɗa masa suna Tantabara. Daga ranar ya zama mace a bakin kowa. Tantabara ta sha ruwan sama har gwiwa a lungunan Akpakpa, ta sha man kwalba na bakin titi mai kyau da marar kyau, ta ɗauki kwandon goro a gaba da ƙullin alawa a baya, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Mai kula da ita Moumouni ne, bakaniken da ke ƙarƙashin rumfar kwano a bakin layi. Shi kansa yakan ce bai san abin da ke riƙe da ita ba, in ba albarkar goro ba.

Mutum ɗaya ne a Zongo ba ya murna da jin ƙarar Tantabara, shi ne Munzali, ɗan farin Luba. Yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, wadda kowa ke ce wa Por. Mutum ne mai guga a riga, mai duba agogo, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga hannu. Da yake ɗan fari ne, Luba ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma kallon idonsa. Mutumin Por take ce masa, in ma magana ta kama, bango take fuskanta ta yi.

Wata rana da damina, tana saukowa daga gada, titi a jiƙe, ta matse birki, Tantabara ta yi kamar ba da ita ake ba, ta zarce a hankali ta shige cikin kwandon wata mai tumatir. Ba wanda ya ji ciwo. Luba ta tashi ta ba da haƙuri da Fon, ta kuma ƙara da cewa ai kwandon ne ya fito titi da yawa. Sai dai mayafinta fari ne, tumatir kuma ja. Wani mai ƙaiƙayin hannu ya ɗauki hoto, kafin ta iso Zongo hoton ya riga ta zuwa Por.

Ta shigo gida ta tarar da Munzali a tsakar gida, ya bar aiki, ko takalmi bai cire ba, fuskarsa ta yi fari fat.

"Mma, jini ne?"

Ta juya ta fuskanci bango. "A gaya wa Mutumin Por tumatir ne. In yana so a yi masa miya da shi."

"Mma, moton nan ta tsufa. Ki ajiye ta. Ni zan riƙa biya miki zem duk inda za ki."

"A gaya masa zem ba ya jiran gaisuwa."

"To a rage gaisuwar mana."

Nan fa ta manta da bango, ta juyo gaba ɗaya. Ta ce a rage gaisuwa? A rage gishiri a miya dai. Suka yi ta ja, shi yana cewa Tantabara rubabbiya ce, ita tana cewa ta fi motocin Por lafiya. Moumouni, da hayaniya ta jawo shi daga rumfarsa, shi ya raba gardamar. Ya ce ai akwai wurin da ake gwada lafiyar ababen hawa, abin da ake kira bizit, inda inji ke auna birki da fitila da hayaƙi, ba ruwansa da sanayya. A kai ta can. Munzali ya ce ya yarda: in ta ci gwaji, ya rufe bakinsa har abada, in ta faɗi, makulli ya zama nasa. Luba ta ce ta yarda, Moumouni shaida. Ta faɗa da ƙarfi, amma da ta shiga ɗaki ta kasa zama wuri ɗaya, don ta san magana zarar bunu ce, kuma ta san in aka karɓe makullin nan an karɓe mata ƙafafu.

Kafin sallar la'asar labari ya gama Zongo: za a kai Tantabara gwaji. Mutanen Zongo kuwa abu ɗaya suka sani game da ranar da nasu zai fita gaban jama'a, ko aure ne ko suna ko rakiyar alhazai, wato gudummawa. Matar da ta kai goron auren iyayenka, ta kai na sunanka, yau tana da hidima, ka zauna hannu rabbana? Ai abin kunya ne.

Hajiya Dijatu, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ta fara zuwa, ɗauke da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Madubin motar marigayi mijinta ne, faffaɗa, mai baƙin baki. Ta ce na Tantabara ya yi ƙanƙanta, ga shi ya tsage a gefe, kada a je a raina su. Bayanta sai ga Chérif tela yana mirgino taya sabuwa fil, ya ce wai ajiyayyiya ce, ba ya amfani da ita. Da yamma Hamma, dillalin shanu da ke sauke dabbobinsa daga arewa, ya aiko da ham ɗin babbar mota, mai baki biyu kamar kakaki, da saƙon cewa Inna Luba ta daina roƙon hanya, ta riƙa ba da umarni. Wasu suka kawo ƙwan fitila, wata ta ɗinko rigar kujera mai fure.

Moumouni ya tsaya yana kallon tarin kayan yana sosa ƙeya.

"Yaya Luba, tayar nan ta fi ƙarfinta. Ham ɗin nan kuwa, batirinta bai kai ya ciyar da shi ba."

"Ka ɗaura."

"Madubin fa? Na mota ne."

"Moumouni, Dijatu za ta tsaya a ƙofarta ranar nan ta ga na wuce. In ba ta ga madubin mijinta ba, da wane ido zan kalle ta? Chérif zai duba taya. Hamma zai kasa kunne. Ka taɓa jin an mayar da hannun kyauta baya? Ka ɗaura duka."

Ya ɗaura duka. Ya lanƙwasa ƙarfe, ya ƙara waya, ya ɗaure da abin da ya samu. Tsofaffin kayan kuwa ya watsa su cikin wani buhu a bayan rumfa, don Moumouni ko ƙusa ba ya yarwa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa ganin an gyara babur a Zongo ba.

Ranar gwaji Luba ta sha ado, ta ɗora hular kwano a kan kallabi, ta hau. Mata suka fito ƙofa suna yi mata addu'a. Dijatu ta ga madubi ta dafe ƙirji. A bakin layi Luba ta danna ham don Hamma ya ji, kuma ya ji, shi da duk wanda ke tsakanin Zongo da kasuwar Dantokpa. Kaji suka watse, wani ɗan zem ya hau kan dakali da fasinjarsa, ita kanta Luba sai da ta yi salati. Tun kafin su bar unguwa ta ji Tantabara ba ita ba ce. Kan babur ɗin ya yi nauyi, gaba yana wani gurnani, in za ta sha kwana madubin ya tokare ta a kafaɗa. Ta ji kamar ta sa takalmin wani. Ta yi shiru, don Munzali yana biye da ita a kan zem, Moumouni kuma yana bayansa.

Wurin gwajin wani dogon zaure ne mai rufin kwano, motoci a jere, ƙasa duk baƙin mai. Ma'aikacin da ya karɓe su wani magidanci ne mai shuɗin kayan aiki. Ya zagaya Tantabara, ya kalli madubin, ya kalli ham ɗin, ya kalli Luba, ya danne dariyarsa cikin ladabi ya ce, "Bonjur, Maman." Da Faransanci yake magana, Munzali yana fassarawa, Luba kuwa ta yi kamar ba ta ji ko kalma ɗaya.

Ya tayar da inji ya kasa kunne, ya sa wani bututu a bakin salansa ya duba hayaƙi, ya gyaɗa kai. Ya girgiza ƙashin babur ɗin, ya duba ƙasansa, ya sake gyaɗa kai. Ya ce irin waɗannan ƙananan ba kasafai inji ke kayar da su a wurinsa ba, in dai ana canza musu mai, yawanci fitila ce da taya da birki. Wannan kuwa injinta ya fi na wasu sababbi natsuwa. Luba ta gyara zaman mayafi, ta saci kallon ɗanta ta wutsiyar ido.

Sai ya kunna fitila, ya danna ham. Zauren ya amsa, direbobi suka dafe kunne, fitilar kuma ta mutu murus, sai da ya saki ham ɗin ta farfaɗo. Ya juya kan babur ɗin hagu, madubi ya daki jiki ya hana shi kaiwa ƙarshe. Ya ɗaga gaba ya juya tayar Chérif da hannu, ta yi ƙiiii tana gugar murfinta, har ta fara cinye shi. Duk wanda ya taɓa sai ya girgiza kai ya tambaya, wa ya sa wannan? Moumouni ya duƙufa yana kallon farcensa.

Daga ƙarshe aka hau da tayar baya kan wasu ƙarafa masu juyawa a ƙasa, ma'aikacin ya matse birki iya ƙarfinsa. Tayar ta ci gaba da juyawa abinta, sai can ta tsaya a kasalance. A nan bai yi dariya ba. Ya ce sauran duk kwalliya ce da ta yi yawa, a cire a mayar da na asali, shi ke nan. Wannan kuwa shi ne mai kisa. Abin da ke kama taya a ciki ya cinye saura ƙiris, kuma ya daɗe a haka.

Munzali ya fassara. Abin ya soki Luba fiye da yadda ta zata. Ashe mai tumatir ba ta fito da kwando titi ba. Ashe Mutumin Por yana da gaskiya. Kuma duk cikin masu gudummawa, har da ita da ta hau shekara da shekaru, ba wanda ya tuna da birki, kowa abin da ido zai gani ya kawo.

Ma'aikacin ya ƙara wata magana a ƙarshe, cewa ba ta ci ba yau, amma in an gyara ana iya dawowa a sake gwadawa. Luba ta ji wannan sarai da Faransancinta na gardama. Ta yi shiru ta ga ko ɗan nata zai haɗiye maganar, tunda haɗiyewar ita ce ribarsa. Sai Munzali ya ce, "Mma, ya ce in an cire kayan nan an gyara birki, a dawo."

Ta ji daɗin wannan har cikin ranta, amma ba ta nuna ba. Ta fuskanci wata mota da ke gefe ta ce, "A gaya masa an ji. Kayan mutane kuwa ba ni zan cire ba. In ce wa Dijatu madubin mijinta ne ya kayar da ni? In ce wa Chérif tayarsa ba ta yi ba? Gara a ce Tantabara ta tsufa." Ta zare makulli ta ajiye a kan kujera mai fure. "Alkawari kaya ne. Ga shi nan."

A Zongo abin da ta faɗa ke nan, Tantabara ta tsufa, kowa ya yi mata jaje. Aka jingine ta a zaure da duk adonta, aka lulluɓe da tsohon zani.

Ba a daɗe ba aka yi haihuwa a layinsu, dangin kuma suna Sèmè-Kpodji. Luba ta ɗauki kwando ta hau zem. A gidan wani dattijo, tana tsakiyar tambayar jikoki, ham ya fara daga waje, ya ƙi tsayawa. Ta daure, ta daure, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta katse gaisuwa ta miƙa goro ta tashi. Tsohon ya riƙe goron yana kallonta ya ce, "Luba, lafiya? Ko mun yi miki laifi ne?" Wannan tambayar ta biyo ta har gida. Da masu wata hidimar suka zo nemanta, ta ce su nemi wani, ƙafarta na ciwo. Ƙafarta lafiya lau, baƙin ciki ne ya kama ta, na gaske. Ta koma zama a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, tana yayyafa wa goro ruwa, tana sauya masa ganye, ba ta tsokanar kowa. Gidan ya yi shiru irin wanda ba a saba ba. Munzali yakan shigo da yamma ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ya fita.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta nemi ƙaramin kwandonta ta rasa. Tana cikin nema sai ga Hajiya Dijatu ta faɗo gidan, tana dariya har da riƙe ciki, madubin mota a hammatarta.

"Luba! Ashe kin haifi ɗa ban sani ba? Yanzu Munzali ya bar gidana. Da kwandon goro! Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya tambaye ni yara har da wadda ke Parakou. Sai gumi yake yi kamar mai dakan sakwara."

"Wa? Mutumin Por?"

"Shi fa. Ya ba ni jan goro maimakon fari, ya kuma fara da gidan Chérif kafin nawa, amma na yafe masa, ɗan koyo ne. Ya ce, Hajiya, laifina ne, ni na kai moto wurin da ba a san mutunci ba, injinsu ya ce sai kayanta na asali, Mma kuwa ta ce ko za ta mutu a zaune ba za ta cire kyautarku ba, don haka ni na cire, ni za a yi wa faɗa. Na ce kawo, ɗan albarka! Ke, tun ranar da na ba ki madubin nan a bakin randa nake sa kwalli, ina duba fuskata a ruwa."

Luba ta saki baki. Dijatu ta zauna ta ƙarasa mata sauran. Tayar da Chérif ya ce ajiyayyiya ce, ta babur ɗinsa ce, tun ranar yana kan bulo, shi kuma yana kai ɗinki da ƙafa yana cewa likita ne ya sa shi motsa jiki. Motar shanun Hamma kuwa ta je arewa ta dawo ba ham, direba yana dukan ƙofa da tafin hannu yana ihu a ba shi hanya. Kowa yana son kayansa, kowa yana jin kunyar tambaya, ita kuma tana nan tana jin kunyar mayarwa. Luba ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga baya ma ba ta san ko na dariyar ne ba.

Munzali bai gama zagayen ba sai bayan 'yan kwanaki, don duk gidan da ya shiga sai an ajiye masa kwano, wasu ma su ce rabonsu da ganinsa tun yana tallar ƙosai. Ranar da ya gama ya shigo da la'asar, rigarsa ta yamutse, ya ajiye kwandon. Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya turo wani ɗan ƙulli a takarda, da goro fari a kai. Ta buɗe. Wasu ƙarafa biyu ne masu siffar jinjirin wata, sababbi, kayan cikin birki.

"Mma, ga tawa gudummawar. Moumouni ya mayar da tsofaffin kayan, wannan kaɗai ya rage a sa."

Ta juya ƙarafan a hannunta. "A tambayi Mutumin Por, ba shi ya ci gardama ba?"

"Na ci, Mma. Ban ji daɗin cin ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni ba moton nake ƙi ba. Tsoro nake ji. Ranar da hoton nan ya zo, na ɗauka na rasa ki. Kullum na ji waya ta yi ƙara kina waje, sai gabana ya faɗi. Amma zaman nan da kike yi ya fi ba ni tsoro."

Luba ta daɗe tana kallon bango. Maganganu sun cika mata baki, ba ko ɗaya da uwa ke faɗa wa ɗan fari. Ta ɗauki goron ta ɓare, ta ci rabi, ta tura masa rabi. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, sai ta yi tari ta ce goron ne ya shaƙe ta.

Aka koma wurin gwaji, ba rakiya, ba ado, sai rigar kujera mai fure da ma'aikacin ya ce ba ta yi wa kowa laifi ba. Ya danna ɗan tsohon ham, ya yi ƙararsa ta kullum, fitila ba ta ko ƙifta ba. Kai ya juya hagu da dama. Ya ce tsagar madubin ba ta hana gani, amma a canza shi in an samu hali, da na babur. Aka hau ƙarafan nan masu juyawa, ya matse birki, taya ta tsaya cak har babur ɗin ya yi tsalle. Ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Se bon, Maman." Wannan karon Luba ba ta jira fassara ba, ta zuba masa godiya da Faransanci har Moumouni ya riƙe baki.

Washegari da safe akwai goron aure da za a kai Cadjèhoun. Ta ɗaure kwando, ta sa hular kwano, ta tayar da Tantabara. Munzali ya makara zuwa aiki, yana tsaye a ƙofar gida, hannu a aljihu, wai iska yake sha. Ta san kallonta yake yi, don haka ta ja a hankali, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, tana cewa a ranta bari dai in sha kwanar masallaci, in ɓace masa, in murɗa mai yadda na ga dama.

Ta sha kwanar. Titi a buɗe, ba mota, ba ɗan sanda, ba mai ganinta. Ta ɗora hannu za ta murɗa, sai ta tuna yana can tsaye a ƙofa, da waya a aljihunsa. Hannun ya ƙi. Haka ta tafi a hankali har Cadjèhoun, 'yan zem suna wuce ta suna danna mata ham, ita ko a jikinta.